Kada Ki Tafi Sai Faifai Ya Tsaya

Litinin, 8 ga Yuli, 1985, da yamma

Yau ban ci abincin rana ba. Na buɗe kwano, na kalli miyar, na rufe.

Tun ranar Juma'a da aka manna takardar sunayen waɗanda za a kora a get ɗin kamfaninmu na saƙa, unguwar Kakuri ba ta zauna lafiya ba. Da safe bas ya sauke ni, na tarar ma'aikata sun zazzauna a bakin get, ba wanda ya shiga. An kawo sababbin masu gadi a babbar mota. Ba 'yan garin nan ba ne, kowa da kulki, wasu da dorina. Baba Ɗanladi mai sharar ofis, tsohon da kunnensa ya yi nauyi, ya nufi ƙofa da tsintsiyarsa kamar kullum. Suka ce ya tsaya, bai ji ba. Ɗaya ya sauke masa kulki a gadon baya, da ya faɗi ɗayan ya take masa hannu. Na ji ƙarar yatsun daga inda nake.

Ni kuwa na nuna katina, aka buɗe mini, na bi ta gefensa na wuce. Na wuce.

Mijina Albert yana cikin masu zaman. Shi ne ya taso ya ɗauki tsohon. Bai dube ni ba.

A ɗakin kwamfuta na sami ogana, Malam Ɗahiru, ya riga ya ɗora tef ɗin da muke adana bayanan injin a kai. Mu biyu ne kaɗai ke kula da injin, shi da ni. Na fara ba shi labari. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Allah ya ba shi lafiya. Celina, duk ranar da kika ga waje ya rikice, fara kwafe komai a tef. Kuka ba ya gudu, zai jira ki."

Na ji haushinsa. Amma na kwafa.

Talata, 9 ga Yuli, da safe kafin in fita

Jiya muna cin tuwo Albert ya ce, "Maman Esther, gaya mini gaskiya. Injinku ne ya fitar da sunayen?"

Na ce ni ban ga wasu sunaye ba. Kuma inji ba ya zaɓen mutum, abin da aka ba shi yake bugawa.

"To wa ya ba shi?"

Na ce ban sani ba. Allah ya sani ban sani ba.

Ya ce a bakin get kowa ya san kwamfuta ce ke cin mutane. Wai tun da aka kawo ta, aka yi mata ɗaki mai sanyi su suna gasuwa a wurin saƙa, kowace shekara sai ta ci wasu. Na yi dariya. Ban yi nufin dariya ba, ta fito ne kawai. Ya ɗauki kwanon miya ya maka da bango. Esther ta shige bayan ƙofa, sai da na lallashe ta kafin ta fito.

Kuɓewar tana nan a bango. Ban goge ba.

Laraba, 10 ga Yuli, da yamma

An sake dukan mutane. Wata mata daga sashen zare ta rasa haƙora.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Da safe wani akawu ya aiko wai allon kwamfutarsa ya mutu, ya rantse bai taɓa komai ba. Na ɗauki sukuddireba zan tafi, Malam ya ce, "Ajiye wannan. Duba soket tukuna. Kuma duk wanda ya ce miki bai taɓa komai ba, ki bi shi a hankali ki tambaye shi abin da ya taɓa na ƙarshe." Na je na tarar ya cire wayar allon ya jona butar shayi. Muka yi dariya ni da Malam har da hawaye. Rabon da in yi irin wannan dariyar tun makon jiya.

Sai ga Mista Benson, manajan ma'aikata, ya shigo da takalminsa, alhali an rubuta a ƙofa a cire. Ya ce gobe yana so a canza tsarin albashi, a kuma rufe wa sashen saƙa hanyar shiga injin, duka gobe.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na canza komai ranar Juma'a, don in ya lalace ba wanda zai gani sai Litinin. Kuma ba na canza abu biyu tare, don in ya lalace ba zan san wanne ya lalata ba."

Mista Benson ya buga teburi. "Ni nake ba ka umarni!"

"To a rubuto mini, a sa hannu."

Bai rubuta ba. Ya fita ya buga ƙofa.

Ba a jima ba dutse ya faso gilashin baranda, ya sami wata mai buga tafireta a goshi. Jini ya rufe mata ido tana ta kiran uwarta. Malam ya tsaya ya daɗe yana kallon dutsen a ƙasa.

Muna da tef kashi uku da muke juyawa. Malam yana kiransu kaka, uwa da 'ya: na shekaranjiya, na jiya, na yau. Kullum ɗaya yana kwana a sef ɗin ofishin manaja. Yau ya ce sef ɗin ma ai cikin katangar nan yake, wutar da ta ci nan za ta ci can. Ya sa muka yi cikakken kwafi biyu. Ɗaya zai tafi da shi gidansa a Makera. Ɗayan ya miƙo mini.

Na ce, "Malam, ka san wanda nake kwana ɗaki ɗaya da shi."

Ya ce, "Na sani. Nesa da rana, nesa da rediyo, nesa da ruwa. Shi ke nan abin da tef ke so."

Juma'a, 12 ga Yuli, da magariba

Na fito da tef ɗin a jaka, na rufe da zane. A bakin get aka yi mini ihu. "Matar inji! Matar inji!" Wata da muke ƙungiyar mata tare a coci ta fizge mini ɗankwali, wani ya tofa mini yawu a wuya. Na rungume jakar da hannu biyu, ban goge yawun ba sai da na shiga bas ɗin unguwarmu, Television.

Yana ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan aurena.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan coci

Na zauna a benci, matan suka matsa. Suka matsa kawai.

Na dawo na tarar da maza a ɗakinmu, ƙofa a rufe. Da suka fita na ga wani ƙarfe a bayan gado, irin wanda suke ɗaure injin saƙa da shi, tsawon hannu. Na ce na mene ne. Albert ya ce na kamfani ne, zai mayar.

Litinin, 15 ga Yuli, da rana

Baba Ɗanladi ya rasu.

Talata, 16 ga Yuli, da yamma

Albert yana cikin waɗanda suka yi masa rakiya. Ya dawo da jar ƙasa har gwiwa, bai yi wanka ba, bai ci abinci ba.

A ofis yau ba aikin kirki. Malam ya ce in zo in kashe injin ni kaɗai, shi zai zauna ya naɗe hannu. Ya ce aikin da mutum ɗaya kaɗai ya iya, ba aiki ba ne, tarko ne. Na bi yadda ya koya mini. A sallami duk masu aiki a allo. A rufe fayiloli. A tsayar da faifai. Sannan babban makunni.

Faifan suna cikin akwatuna biyu, kowanne kamar ƙaramin firiji, suna juyawa da gudu, kuma duk abin da kamfanin ya sani a kansu yake. Na danna, na juya zan nufi makunni. Ya ce, "Ina za ki?"

Na ce ai na danna.

"Kin danna, amma ya tsaya? Saurara." Na saurara, na ji yana ta gurnani a hankali. "Allurar da ke karanta shi a iska take yawo, tsakaninta da shi bai kai kaurin gashi ba. In aka girgiza shi yana juyawa, za ta kankare shi kamar yadda ake kankare ƙanzo a tukunya. Kada ki tafi sai faifai ya tsaya. Ko ana kiranki. Ko gobara ce, in dai ba ta iso ƙofa ba."

Muka tsaya muna jira har jar fitilar ta mutu. A waje ana ta waƙar makoki, Kirista da Musulmi, kowa da tasa, muryoyin sun haɗe.

Laraba, 17 ga Yuli, da sassafe

Albert ya ce, "Kada ki je yau."

Na ce don me.

Ya ce, "Na ce kada ki je."

Ƙarfen ba ya bayan gado. Zan je.

Laraba, da yamma

Ba zan iya ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, da hantsi

In ban rubuta ba zan haukace.

Wajen azahar get ya faɗi. Muna ciki muka ji shi, kamar an kayar da rufin kwano. Na leƙa ta baranda. Masu gadin nan da suke ta dukan mutane suna gudu suna zubar da kulake. An kama ɗaya, aka yi ta dukansa har ya daina kare kansa, aka ja shi da ƙafa aka jefa a magudanar ruwan rini. Motar Mista Benson tana ci da wuta. Kusa da ita Vespa ɗin Malam ma ta kama.

Na ce, "Malam, babur ɗinka!"

Ko juyawa bai yi ba. Ya ce, "Sallami masu allo."

Na sallama. Ya rufe fayiloli. Ya danna faifai na farko, ya danna na biyu. Muna jin su suna hawowa bene, suna farfasa tagogi ɗaya bayan ɗaya. Na farkon ya tsaya. Na biyun kullum ya fi jinkiri.

Ya kama kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya tura ni bayan kwalayen takardar firinta. "Zauna nan. Kome kika ji kada ki fito."

Na ce mu gudu ta ƙofar baya. Ya nuna jar fitilar.

Suka fasa ƙofar gilashi. Ban san ko su nawa ba ne, ɗakin ya cika da warin gumi da fetur. Malam ya tsaya gaban faifan ya buɗe hannuwa. Ya ce, "Don Allah ku dakata kaɗan. Ranar da aka ɗauki kowannenku aiki tana cikin nan. In kuka fasa, mai shekara ashirin da wanda ya zo jiya sun zama ɗaya." Ba wanda ya ji shi. Wani yana ta ihu, "Shi ne! Shi ne mai ba ta abinci!"

Ta tsakanin kwalaye na ga ƙarfen ya tashi. Na ga hannun da ke riƙe da shi. Akwai tabon ƙuna a wuyan hannun, tun shekarar da muka yi aure, ni na yi ta shafa masa man kaɗanya har ya warke.

Ya sauka a gefen fuskar Malam. Ƙarar ba ta da yawa. Malam ya faɗa kan akwatin faifan, akwatin ya girgiza, sai na ji kukan ƙarfe na cin ƙarfe, wani irin ƙara mai shiga haƙori.

Ni ma na yi ƙara. Na fito. Mai ƙarfen ya juyo, muka haɗa ido. Ƙarfen ya faɗi a ƙasa. Ya kutsa cikin mutane ya fita.

Sauran suka ci gaba. Suka farfasa alluna, suka kayar da firinta, suka warware tef ɗin da ke kan kanta suna ja kamar hanjin akuya. Ni ina durƙushe na danne fuskar Malam da ɗankwalina, jini yana bin farin daɓen yana shiga ramukan iska. Da suka gaji, biyu daga cikinsu suka taya ni ɗaukarsa zuwa wata a-kori-kura. Ɗayan yana kuka yana cewa, "Wallahi ni inji na zo fasawa."

Alhamis, da yamma

Albert ya wanke rigarsa da kansa. Bai taɓa wanki ba tun da na san shi. Tana kan igiya.



Juma'a, 19 ga Yuli, da rana

Da safe ina hura wuta a tsakar gida na ji yana buɗe akwatina. Jakar tafiya yake nema. Ya fito da tef ɗin a hannu, cikin farin murfinsa na roba.

"Har cikin ɗakina? Har ƙarƙashin kayan aurenmu?"

Na ce, "Baban Esther, ajiye shi."

Ya nufi murhu. Na riƙe hannunsa, ya hankaɗe ni, na sake kamawa na sa haƙori. Na ciza har na ji gishirin jini. Ya saki, tef ɗin ya faɗi kan dutsen murhu, murfin ya tsage. Na faɗa a kansa na rufe shi da cikina. Ya ɗaga ni da gashi ya mare ni. Mari ɗaya, kunnena na hagu ya toshe. Ban saki ba. Ya sa ƙafa a haƙarƙarina. Ban saki ba. Esther tana ta ihu, "Baba! Baba!" Maƙwabta suka fito, Joseph na ɗakin kusa da namu ya rungume shi ta baya.

Na ce, "Ƙarasa mana. Ai ka iya. Ƙarasa kamar yadda ka..."

Ban ƙarasa ba. Shi ma bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa. Sannan ya ɗauki rigar daga igiya, ko bushewa ba ta gama ba, ya fita.

Bai taɓa dukana ba sai yau. Ina so in rubuta wannan, don gaskiya ce. Ban san amfanin rubuta ta ba.

Asabar, 20 ga Yuli, da safe

Kunnen yana zubar da ruwa.

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma

Sun zo unguwa jiya. Masu gadin ne suka dawo da wasu, a mota biyu, suna bin gida gida. Suka ɓalle ƙofarmu, suka zazzage akwati, suka yaga katifa. Tef ɗin yana ɗaure a bayana, na goya shi kamar jariri na rufa da mayafi. Da ba su sami wanda suke nema ba, suka kama Joseph, wanda ko a kamfanin ba ya aiki, tela ne. Suka kwantar da shi a tsakar gida suka yi ta zuba masa dorina a gaban 'ya'yansa har bayansa ya fashe. Yana cewa bai san inda yake ba. Da gaske bai sani ba.

Ni na san ƙauyen. Na tsaya ina kallo da abin a bayana.

Matar Joseph ba ta amsa gaisuwata yau ba.

Talata, 23 ga Yuli, da rana

Mista Benson ya kira ni. Yana zaune a wani ofis da ba a fasa ba, hannunsa a naɗe da bandeji.

"Madam Celina, kina cikin ɗakin. Wa ya buge shi?"

Na ce ina bayan kwalaye.

"Kwalaye ba su da ido, ke kina da shi."

Na ce hayaƙi ya yi yawa. Ya daɗe yana kallon kumburin fuskata. Ya ce ina mijina. Na ce ya je ganin gida.

Sannan ya ce injiniya zai zo daga Legas da sabon faifai, ko akwai abin da ya rage da za a ɗora a kai? Na ce akwai. Ya sauke numfashi kamar wanda aka cire wa ƙaya.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Na je asibiti. Matarsa Hadiza tana zaune a bakin gado tana masa fifita. Ta karɓe ni da hannu biyu, ta ce an gaya mata ni na danne jinin, Allah ya saka mini. Na rasa inda zan sa idona.

An naɗe masa rabin kai. Idon hagu ya tafi, likita ya ce ba zai dawo ba. Muƙamuƙin an ɗaure da waya, maganarsa ta cikin haƙora take fitowa. Na sunkuya da kunnena mai ji.

"Na biyun ya tsaya?"

Na ce bai tsaya ba, Malam.

Ya rufe idon da ya rage. Can ya ce, "Tef?"

Na ce nawa yana nan. Hadiza ta ce nasa ma yana nan cikin kwabet, ba wanda ya taɓa.

Ya ce in samo biro. Ya yi ta faɗa a hankali ina rubutawa a bayan katin asibiti. In cire zoben roban da ke bayan tef kafin in ɗora, don in babu zoben inji ba zai iya rubutu a kansa ba, ko na yi kuskure ba zan goge shi ba. In goge kan na'urar tef da auduga tukuna. In yi abu ɗaya, in duba, sannan in yi na gaba. In karanta abin da allo ya rubuta har ƙarshe, kada in karanta abin da nake so ya rubuta. In Mista Benson ya tsaya a kaina, in ce masa ya fita. In na gaji ko raina ya ɓaci, kada in danna komai, in je in wanke fuska.

Hadiza ta ce, "Malam, ka bar yarinyar nan ta huta, kai ma ka huta."

Ya ce, "Me ya sami kunnenki?"

Na ce faɗuwa na yi.

"Yaya Esther?"

Na ce tana lafiya.

Shekara uku, duk safiya in ya tambayi Esther sai ya ce, "Yaya maigidan?" Na jira. Bai ce ba.

Lahadi, 28 ga Yuli

Ban je coci ba. Ruwa tun safe.

Laraba, 31 ga Yuli, da yamma

Injiniya ya gama jiya. An share gilashi, an kawo allo ɗaya na aro. An wanke daɓen amma tsakanin ramukan iska akwai baƙi-baƙi. Na san ko mene ne.

Na fara da tef ɗin Makera, don shi ne mai lafiyayyen murfi. Na cire zobe. Na goge kai. Ya yi ta tafiya lafiya har ya wuce rabi, sai ya tsaya, ya koma baya, ya sake gwadawa, ya sake komawa. Allo ya ce ba ya iya karanta wurin. Mista Benson yana bayana yana cewa in sake dannawa, in danna da ƙarfi. Na ce, "Oga, don Allah fita." Ya buɗe baki. Na ce, "Fita." Ya fita.

Na je famfo na wanke fuska. Na daɗe a can.

Na dawo na buɗe tsagaggen murfin. Akwai toka a gefen, na hure ta, na goge da auduga. Na cire zobe, na ɗora. Ban zauna ba. Duk juyin da ya yi ina jin sa a haƙarƙarina.

Ya tafi har ƙarshe.

Malam ya ce kwafin da ba a gwada ba, ba kwafi ba ne, fata ne kawai. Don haka na buɗe fayil ɗin ma'aikata in gani da idona. Suna nan. Baba Ɗanladi yana nan, an ɗauke shi aiki tun kafin a haife ni. Na gangara ƙasa kaɗan. Baban Esther ma yana nan.

Na kashe yadda aka koya mini, na zo gida.

Asabar, 3 ga Agusta, da safe

Na buɗe ƙofa zan zubar da ruwa na gan shi zaune a kan turmi. Ya rame. Cizon ya yi ruwa, ya ɗaure da tsumma.

Ya ce, "Maman Esther."

Na ce ba zai shiga ɗakin nan ba.

Ya ce ya sani. Ya ce a ƙauye ba ya barci, da ya rufe ido sai ya ji ƙarar. Ya ce ya je wurin Joseph tun da asuba, Joseph ya ɗaga riga ya nuna masa bayansa.

Na ce an sallami Malam, yana gida a Makera.

Ya ce, "Za su kashe ni."

Na ce wataƙila.

Na ba shi koko a kofi, a waje.

Lahadi, 4 ga Agusta, da magariba

Mun je. Ni a gaba, shi a baya.

Na yi sallama na shiga wurin Hadiza, na bar shi a ƙofar zaure. Na durƙusa na gaya mata wanda na zo da shi, da abin da ya kawo shi. Na faɗa da bakina, da sunansa. Albert ne ya bugi Malam. Yau ne na fara faɗa.

Ta janye hannunta daga nawa. Ta ce, "Kin sani, kika zauna a bakin gadonsa ina miki godiya?"

Na ce na sani.

Ƙanenta Nuhu, maƙeri ne, yana tsakar gida yana alwala, ya ji komai. Ya ajiye buta ya fita. Kafin in kai zaure ya riga ya kai Albert ƙasa. Ya naushe shi a baki, ya sake, ya sake. Ya buga kansa da bango. Albert ya sa hannuwansa a baya ya riƙe, bai kare ba ko sau ɗaya. Haƙori ya faɗo a kan tabarma. Mutanen layi suka taru, wani ya ɗauko faskare. Ban hana ba. Ban kuma tabbata ina so in hana ba.

Sai muka ji ana buga sanda a ƙofar ɗaki. Malam ne, ya dafa bango ya fito, kansa a naɗe.

"Nuhu. Ya isa."

"Yaya, wannan ne fa ya..."

"Na san ko wane ne. Ina da ido biyu a lokacin."

Ya sa aka kawo masa kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon Albert da ido ɗayan. Albert yana durƙushe, jini na zuba a ƙirjinsa, yana ta ƙoƙarin magana bakin ya ƙi.

Malam ya ce, "Kada ka roƙe ni gafara yau, don ba ni da ita yau. Ban sani ba ko zan samu. In na ce maka na yafe, ƙarya na yi."

Albert ya sunkuyar da kai.

"An ce an kore ka."

Ya gyaɗa kai.

"To kana da lokaci. Likita ya ce in riƙa zuwa wankin ciwo duk Talata da Juma'a, har sai abin da hali ya yi. Babur ya ƙone, ko yana nan ma ba zan ƙara tuƙi ba. In na zo tsallaka titi ba na ganin abin da ke zuwa ta hagu. Kai za ka riƙa zuwa kana kai ni. Ka tsaya ta hagun. In ana cire bandeji, ba za ka fita ba, za ka tsaya ka kalla."

Hadiza ta ce daga bayan labule, "Malam, wannan mutumin? A hannunsa za ka sa kanka?"

Ya ce, "Shi ya ɗauka, shi zai riƙe."

Nuhu ya tofar da yawu ya shige gida. Hadiza ba ta fito ta sallame ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

A hanyar dawowa ya tsaya a bakin famfo ya wanke bakinsa. Ya tambaye ni, da ƙyar nake gane maganar, ƙarfe nawa ake buɗe asibitin. Na gaya masa.

Yana waje yanzu a kan turmi. Esther ta kai masa ruwan gishiri. Ban hana ta ba, ban kuma buɗe ƙofar ba.

Jibi Talata.